Ta yaya ake ganin tsohon ƙasan teku a ƙarƙashin tsaunuka, alhali ba wanda ya haƙa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamin jogirafi ne a wata makarantar sakandare a nan Gombe. Wani ɗalibina ya kawo mini hoto a waya, an zana duniya an tsaga ta, cikinta duk ja da shuɗi. An rubuta cewa shuɗin nan ragowar ƙasan wani tsohon teku ne da ya nutse a ƙarƙashin yankin Himalaya, fiye da kilomita dubu a ƙasa. Ya tambaye ni wa ya shiga ya gano, na rasa amsar da za ta gamsar da shi. Shin gani ne na gaske, ko kintace ne? In kuma gaskiya ne, akwai irinsa a ƙarƙashin duwatsunmu, kamar Dutsen Bima, ko na Kaltungo, ko Zaranda ta Bauchi?"

Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya yi wa wannan yaro albarka, ya tambayi abin da ya kamata kowa ya tambaya idan aka nuna masa irin wannan hoto. Tambayarka kashi biyu ce: ta wace hanya aka san abin da ke can ƙasa, sannan ko abin da aka gani a Himalaya yana nan ƙarƙashinmu.

Ba wanda ya shiga, ba wanda ma ya kusanta. Ramin da ya fi kowane zurfi a tsaye da ɗan Adam ya haƙa shi ne na Kola a arewacin Rasha, ya kai mita 12,262 a 1989. Daga inda muke tsaye zuwa cibiyar duniya kuwa kilomita 6,371 ne. Wato ko ɓawon ƙasa ba a huda ba, balle mantil, kaurin dutsen nan da ya fara daga ƙarƙashin ɓawo ya gangara har kilomita 2,900. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, to a wannan fage ji kaɗai muke da shi. Hoton da ɗalibinka ya gani taswira ce ta saurin tafiyar igiyar girgiza a cikin dutse. Shuɗi yana nufin wurin da igiyar ta fi sauri, ja kuma wurin da ta yi nawa. Awon nan na gaske ne, ana iya maimaita shi. Cewa shuɗin "tsohon ƙasan teku ne" fassara ce da aka ɗora a kan awon, kuma a wasu wurare fassarar tana da ƙarfi ƙwarai, a wasu wuraren tana da rauni.

Ni aikina a saman ƙasa yake: neman ruwa, gwajin ƙasa kafin a kafa gini, da koyar da ɗalibai. Ba na cikin masu haɗa taswirar cikin duniya, karanta ta nake yi. Sai dai ƙa'idar da muke aiki da ita a mita hamsin ita ce tasu a kilomita dubu biyu, don haka bari in faro daga tamu.

Daga guduma zuwa girgizar ƙasa

Idan za mu duba inda za a haƙa rijiyar burtsatse a wuri mai dutse irin na kewayen Bauchi, wani lokaci mukan jera ƙananan na'urorin jin motsi a layi, mu ajiye faifan ƙarfe a ƙasa, wani ƙaƙƙarfa ya maka masa babbar guduma. Bugun yakan bi ta cikin ƙasa, kowace na'ura ta rubuta lokacin da ya iso gare ta. A busasshiyar ƙasa ta sama, igiyar tana tafiyar mita ɗari uku zuwa ɗari biyar a daƙiƙa. A ruɓaɓɓen dutse mai riƙe ruwa ta fi haka sauri. Idan ta shiga lafiyayyen giranit sai ta kai mita dubu biyar a daƙiƙa. Daga bambancin lokutan isowa muke lissafa zurfin kowane hawa, mu ce wa mai haƙa: za ka bar ƙasa mai laushi a wajen mita kaza, ka sami dutse a mita kaza. Daɗin aikinmu shi ne injin yana zuwa ya gaskata mu ko ya ƙaryata mu. Masu neman man fetur a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, da dangin wannan dabara suka zana shimfiɗun dutsen da ke kilomita da dama a ƙasa kafin a dasa injin haƙa.

Babu gudumar da za ta aika bugu kilomita dubu biyu. Girgizar ƙasa ce ke yin wannan aiki. Duk babbar girgiza tana sakin igiyoyi masu ratsa duniya baki ɗaya. Akwai igiyar P mai turawa da ja, ita ke fara isowa. Akwai igiyar S mai kaɗa dutse gefe da gefe, ba ta bi ta cikin abin da yake ruwa-ruwa. Igiyar P tana tafiyar kimanin kilomita 6 a daƙiƙa a ɓawon ƙasa, 8 a saman mantil, fiye da 13 a ƙasansa. Ɗauki girgizar da ta afka wa Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairun 2023, mai ƙarfin maki 7.8. Tsakanin wurin da Bauchi kimanin kilomita 4,100 ne. Igiyar P ɗinta ba ta bi ta sama ba, ta nutsa fiye da kilomita 800 a cikin mantil sannan ta lanƙwaso, ta iso ƙarƙashin ƙafafunmu cikin minti bakwai da 'yan daƙiƙu. Mutum ba ya jin ta, na'ura tana ji.

Da irin wannan sauraro aka gano manyan sassan duniya tun kafin kwamfuta. Richard Oldham ya nuna akwai cibiya a 1906, Andrija Mohorovicic ya gano iyakar ɓawo da mantil a 1909, Inge Lehmann ta ƙasar Denmak ta gano cibiyar ciki a 1936. A 1940 Jeffreys da Bullen suka fitar da jadawalin da ke faɗin minti nawa da daƙiƙa nawa igiya za ta ɗauka zuwa kowane nisa. Daga nan ne labarinmu ya fara, domin da zarar kana da lokacin da ake sa ran isowa, za ka lura da igiyar da ta yi sammako da wadda ta makara.

Ka ɗauka kana zaune a tasha kana rubuta lokacin tashi da isowar motoci, ba ka taɓa bin hanyar ba. Duk motar da ta tashi daga Bauchi zuwa Gombe tana makara da rabin awa. Waɗanda Alƙaleri ce iyakar tafiyarsu kuwa suna isa a kan lokaci. Ba ka ga komai da idonka ba, amma ka san abin da ke jawo jinkirin yana tsakanin Alƙaleri da Gombe. In ka sami bayanin motocin da ke shiga hanyar daga ƙauyukan tsakani, sai ka ƙara matse wurin. Haka ake yi wa duniya. Ana raba cikinta gida-gida a kwamfuta, a tattaro miliyoyin lokutan isowa daga dubban girgizoji da dubban tashoshi, a nemi saurin da kowane gida zai kasance da shi don lissafin duka ya daidaita. Lissafin ɗan'uwan wanda injin sikanin na asibiti ke yi ne. Keiiti Aki da abokan aikinsa, da Adam Dziewonski da nasa, su suka buɗe wannan fage a tsakiyar shekarun 1970.

Ina so ka nuna wa ɗalibanka ƙanƙantar abin da ake aunawa, don launin hoton yana sa a zaci bambancin babba ne. A ƙasan mantil, shuɗin da ake kira ragowar ƙasan teku sau da yawa bai wuce kashi 1 cikin 100 na ƙarin sauri ba. Igiyar da ta yi tafiyar kilomita 1,000 a cikinsa da saurin kilomita 10 a daƙiƙa za ta ɗauki daƙiƙa 100, ƙarin kashi ɗaya zai sa ta riga lokacinta da daƙiƙa ɗaya tak. A kan irin wannan daƙiƙa guda aka gina hoton gaba ɗaya. Shi ya sa agogon tasha yake da muhimmanci kamar na'urar kanta.

Me ya kai ƙasan teku can, kuma me ya hana shi narkewa

Fatar duniya a tsattsage take, farantai ne masu kaurin kimanin kilomita 100 da ke motsi 'yan santimita a shekara. Ana haifar sabon ƙasan teku a tsakiyar tekuna, inda narkakken dutse ke fitowa ya daskare. Yana nisa da wurin haihuwarsa yana hucewa, yana ƙara kauri da nauyi, har ya fi dutsen da ke ƙarƙashinsa nauyi. Idan ya sami inda zai karkata sai ya sunkuya ƙarƙashin farantin da ke maƙwabtaka da shi ya nutse, nauyinsa na jan sauran a baya. Dalilin ke nan da ya sa da wuya ka sami ƙasan babban teku da ya wuce shekara miliyan 180 zuwa 200, alhali a kan nahiyoyi akwai duwatsun da suka haura shekara biliyan uku. Tsohon ƙasan teku ya koma ciki.

Wani kuskure da nake yawan tarar da shi wajen sababbin ɗalibai, wani lokaci har a littattafan makaranta, shi ne cewa mantil narkakken dutse ne mai tafasa. Da haka ne da igiyar S ba ta ratsa shi ba, ga shi kuwa tana ratsa shi daga sama har ƙasa. Dutse ne daskararre, sai dai zafi da matsi sun sa yana jan jiki sannu a hankali cikin miliyoyin shekaru. Farantin da ya nutse a cikinsa ya fi shi sanyi da ɗaruruwan digiri, kuma dutse ba ya saurin ɗaukar zafi. Falalen da ya kai kaurin kilomita 100 yana buƙatar shekaru ɗaruruwan miliyoyi kafin zafi ya gama ratsa shi. Dutse mai sanyi ya fi tauri, igiya ta fi gudu a cikinsa. Wannan ne shuɗin.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ba ta dogara da hoton ba ma. Tun kafin a iya zana shi, Kiyoo Wadati a Jafan da Hugo Benioff a Amurka sun lura cewa girgizoji masu zurfi suna jeruwa a kan layi mai gangara, daga bakin teku zuwa ƙarƙashin nahiya, har kusan kilomita 700. Girgizar Bolibiya ta 1994, mai maki 8.2, ta faru ne a zurfin kimanin kilomita 630. Dutse mai zafi ba ya karyewa farat ɗaya a can, sai mai sanyi. Da aka zo aka zana taswirar sauri, sai ga shuɗin ya kwanta daidai kan layin girgizojin nan, a Jafan, a Tonga, a ƙarƙashin tsaunukan Andes inda farantin Nazca ke shiga ƙarƙashin Kudancin Amurka. Hanyoyi biyu mabambanta sun nuna abu ɗaya. Daga nan sai aka ga shuɗin bai tsaya inda girgiza ta tsaya ba, ya ci gaba da gangarawa.

A zurfin kilomita 410 da 660, matsi yana sauya tsarin ma'adanan dutse, kuma ƙasa da 660 mantil ya fi danƙo. An daɗe ana gardama ko faranti na iya ƙetare wannan iyaka. Taswirorin 1997, na Rob van der Hilst da na Stephen Grand da abokan aikinsu, sun nuna wasu suna ƙetarewa har can ƙasa. Wasu kuma sukan kwanta a kan iyakar, kamar farantin Fasifik da ya shiga ta Jafan ya miƙe a kwance ƙarƙashin gabashin Sin.

Himalaya da 'yan'uwanta

Tsakanin Indiya da Asiya da can akwai babban teku mai suna Tetis. Ƙasansa ya riƙa nutsewa ƙarƙashin Asiya yana jan Indiya arewa, a wani zamani da saurin da ya haura santimita 15 a shekara. Kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce tekun ya ƙare, nahiya ta ci karo da nahiya. Dutsen nahiya ba shi da nauyin nutsewa, sai ya tattare ya hau kan juna. Ƙololuwar Everest, mita 8,849, dutsen farar ƙasa ne da ya kwanta a ƙarƙashin ruwan teku, da burbushin halittun ruwa a cikinsa.

To ina ƙasan Tetis ya tafi? A 1999 Rob van der Voo da Wim Spakman da Harmen Bijwaard suka nuna dogayen guntaye masu sauri a zurfin da ya wuce kilomita 1,000. Abin lura shi ne yawancinsu ba a ƙarƙashin ƙololuwar tsaunukan suke ba, suna kudu, ƙarƙashin Indiya kanta. Dalili kuwa, guntun da ya tsinke yana nutsewa kusan a tsaye daga inda ya faɗa, ita kuma Indiya ta ci gaba da matsawa arewa ta haye kansa. Wannan ne ya sa masana ke ɗokin abin: kowane guntu alama ce ta inda bakin nahiya yake a zamanin da ya nutse. Irin haka ake gani a Amurka. Farantin Farallon ya shiga ta yammacin nahiyar, kuma ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne tsakanin shekara miliyan 80 zuwa 55 da suka wuce ya bi ta ƙarƙashinta a kwance, ya tayar da tsaunukan Rocky nesa da bakin teku. Yau tsohon ɓangarensa yana can ƙasan mantil ƙarƙashin gabashin Amurka.

Tsinkewar da kanta tana da tasiri a sama. Idan nauyin da ke jan gindin tsauni ya yanke, ƙasa takan ɗago, dutse mai zafi ya kutsa ta gurbin, wani lokaci a sami narkakken dutse. A Hindu Kush ta Afganistan ana kallon wannan yana faruwa yanzu: guntun yana rataye yana sirancewa, girgizoji suna taruwa a wuyansa, kamar ta Oktoban 2015 mai maki 7.5 da ta faru a zurfin fiye da kilomita 200. A Vrancea ta Romaniya, ƙarƙashin tsaunukan Carpathia, akwai wani guntu a tsaye, daga cikinsa girgizar 1977 ta fito wadda ta kashe mutane kimanin 1,500, yawancinsu a Bukares. Mafi kusa da mu a cikin waɗannan misalai shi ne wanda ke rataye ƙarƙashin mashigin Jibralta, tsakanin tsaunukan Rif na Maroko da kudancin Sifen, inda aka yi wata girgiza a 1954 a zurfin kimanin kilomita 630.

A 2018 masana uku na Jami'ar Utrecht a Holan, van der Meer da van Hinsbergen da Spakman, suka tattara guntaye 94 a faɗin duniya, suka haɗa kowanne da tsaunukan da suka taso a zamanin nutsewarsa. Lissafinsu ya nuna a ƙasan mantil guntu yana gangarawa kimanin santimita 1.2 a shekara. Ka riƙe wannan adadi, za mu buƙace shi a Bauchi.

Inda hoton ke iya ruɗar mutum

Ba mu ke zaɓar inda girgiza za ta faru ba, kuma tashoshin sauraro sun taru ne a Turai, Jafan da Amurka. Amurka ta jera na'urori 400 a tazarar kimanin kilomita 70, ta riƙa matsar da su daga yamma zuwa gabas tun 2004. Turawa sun haɗa fiye da 600, sababbi da waɗanda ke nan tun da, a kewayen tsaunukan Alps daga 2016. Tekuna da yawancin Afirka kuwa fayau suke. Gidan da igiyoyi da yawa suka ratsa daga kusurwoyi dabam-dabam, ana sanin saurinsa da kyau. Gidan da igiya ɗaya ko biyu suka bi, kwamfuta takan shafa launin tare da hanyar igiyar, sai ka ga dogon zane mai kama da faranti alhali inuwar hanya ce. Mai haɗa taswirar kuma dole ya zaɓi yadda zai sassauta lissafin, zaɓinsa yana canza kauri da kaifin abin da ya fito.

Akwai gwajin da nake koya wa ɗalibai, wanda masu wannan aiki ke yi. Sai ka ƙirƙiri duniyar ƙarya mai gidajen ja da shuɗi a jere, ka lissafa lokutan da tashoshinka za su gani, ka ba kwamfuta ta dawo maka da hoton. Inda gidajen suka dawo daidai, ka yarda da taswirar a wurin. Inda suka dagule, kada ka gina labari a kai. Duk lokacin da muka yi wannan da bayanan gudumarmu, gefunan layi ne ke dagulewa, kuma a nan ne ɗalibi ya fi son ya ce ya gano wani abu.

Sannan ba kowane shuɗi ne faranti ba. Sauri yana canzawa da zafi, yana kuma canzawa da irin ma'adanin dutse da ruwan da ke cikinsa. Ƙarƙashin tsohuwar nahiyar Afirka ta Yamma, daga Muritaniya zuwa Gana, akwai shuɗi mai kauri har wajen kilomita 200, amma saiwar nahiya ce mai sanyi, ba abin da ya nutse ba ne. A 2024 masana a ETH Zurich suka fitar da taswirar da ta yi amfani da siffar igiya gaba ɗayanta, suka ga wurare masu sauri ƙarƙashin yammacin Fasifik inda tarihin farantai bai nuna an yi nutsewa ba. Ko a Alps, duk da yawan na'urori, an yi shekaru ana jayayya a kan ko guntun da ke ƙarƙashin gabashinta na farantin Turai ne ko na wanda ya zo daga kudu. A ra'ayina, shuɗin da ya cancanci a kira shi ragowar ƙasan teku shi ne wanda ya fito a taswirorin ƙungiyoyi dabam-dabam, kuma duwatsun sama suka ba da shaidar cewa an taɓa rufe teku a wurin. Na Tetis da na Farallon sun cika wannan sharaɗi.

Duwatsunmu

Duwatsun da ka ambata ba haihuwar zamani ɗaya ba ne, ba kuma hanya ɗaya ta kawo su ba.

Tsofaffin su ne manyan duwatsun giranit da suka kewaye garin Bauchi, da dandalin tsohon dutsen da ya leƙo a Kaltungo da gefen garin Gombe. Waɗannan kam 'ya'yan karo ne. Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, wani teku da ke gabas da tsohuwar nahiyar Afirka ta Yamma ya rufe, aka yi karon da ake kira Pan-Afirka. Ɗinkin yana nan, ya bi ta gabashin Gana da Togo da Benin ya haura Mali, kuma a can an sami duwatsun da ma'adanansu ke nuna an tura su zurfi ƙwarai sannan suka dawo. A lokacin yankinmu manyan tsaunuka ne. Abin da muke hawa yau gindinsu ne, dutsen da ya daskare kilomita da yawa a ƙasa, zaizaya ta kwashe na samansa. Akwai ma wani nau'i mai duhun kore da Farfesa Oyawoye ya bayyana, wanda masana a duniya ke kira da sunan Bauchi.

Don haka an taɓa yin nutsewar faranti da ta shafe mu. Amma yi lissafin da ɗalibanka a allo: kilomita 2,900 a kan santimita 1.2 a shekara, kimanin shekara miliyan 240 ke nan. Abin da mantil ke iya riƙewa a fili bai wuce na shekara miliyan 250 zuwa 300 ba. Guntun da ya nutse shekara miliyan 600 da suka wuce ya daɗe da isa ƙasa, ya ɗumama, ya saje. Ƙari a kan haka, Afirka ta yi tafiya mai nisa tun daga lokacin, ba ta kan wurin da ya faɗa. Ba na tsammanin wata taswira, komai kyanta, za ta nuna shi ƙarƙashin Bauchi. Shaidarsa tana cikin dutsen da ake fasawa a kwari ana zuba wa kankare.

Zaranda labarinta dabam ne. Tana cikin jerin giranit masu ƙuruciya na zamanin Jurasik, tare da na Ningi da Burra da Warji da Jos, masu shekara tsakanin miliyan 200 zuwa 140. Narkakken dutse ne ya huda tsakiyar faranti ba tare da wani karo ba, ya bar zobba-zobba. Jerin ya faro daga Ayar a Nijar, yana ƙara ƙuruciya in ka yi kudu. Su suka ba mu kuza.

Dutsen Bima kuwa dutsen yashi ne. Lokacin da Kudancin Amurka ke rabuwa da Afirka, a farkon zamanin Kiretashiyos, wata tsaga ta kutso cikin nahiya ta zama kwarin Binuwai, reshenta na Gongola ya ratsa Gombe. Koguna suka cika ta da yashi, shi ne ya zama dutsen Bima, daga baya matsi ya lanƙwasa shimfiɗun ya ɗaga su. Sama da shekara miliyan 90 da suka wuce ruwan teku ya shigo kwarin, har ya haɗa Tekun Gini da Tetis ta cikin Sahara. Idan na kai ɗalibai wajen Ashaka, cikin dutsen da ake yin siminti da shi, sukan tsinci burbushin dodon koɗin teku mai naɗe, kuma kullum sai wani ya tambaya ko mu ma tekunmu ya nutse. Bai nutse ba. Ruwa ne marar zurfi da ya kwanta a kan nahiya, ba shi da farantin teku a ƙarƙashinsa, da lokacinsa ya yi sai ya janye. Amma ruwan da waɗannan halittu suka rayu a ciki ya haɗu da tekun nan da ɗalibinka ya ga ƙasansa a waya.

Abin da taswirorin ke nunawa a yankinmu ya fi karkata ga ja. Tsakanin 2005 da 2007 an dasa na'urori 32 a Kamaru, suka nuna dutse mai jinkiri a saman mantil ƙarƙashin layin duwatsu masu aman wuta na ƙasar, layin da ake danganta tudun Biu da shi. Can ƙasa kuma, kan iyakar mantil da cibiya, akwai wani ƙaton tudu mai jinkiri ƙarƙashin Afirka da gabashin Atlantika, ɗaya daga biyu irinsa a duniya, ɗayan yana ƙarƙashin Fasifik. Ana ci gaba da muhawara ko zafi ne kawai ya bambanta shi ko dutsen ma wani iri ne, kuma cikin ra'ayoyin akwai mai cewa tarin tsohon ɓawon teku ne da ya taru a can tun zamani mai nisa.

Abin da ke damuna shi ne hoton ƙarƙashinmu dishi-dishi yake saboda ƙarancin kunnuwa. A jihar Bauchi muke da cibiyar da ke kula da wannan fanni, a Toro, ƙarƙashin hukumar sararin samaniya ta ƙasa NASRDA, ita ke riƙe da tashoshin auna girgiza irin na Toro da Kaduna da Ife da Nsukka. Mutane sukan tuna da su ne idan ƙasa ta motsa, kamar a Kwoi a 2016 ko Mpape ta Abuja a 2018. Amfaninsu ya wuce nan. Kowace girgizar Indonesiya ko Cile da tasha ɗaya a nan ta rubuta da sahihin lokaci, sabon layi ne da ya ratsa wani gida a mantil wanda wata tasha a duniya ba za ta iya ratsawa ta wannan kusurwa ba. Tasha tana son wuta marar yankewa, agogon da ke bin tauraron ɗan Adam, da gindin dutse nesa da hayaniyar motoci. Rana muna da ita, dutse kuwa Bauchi ba ta rasa ba.

Game da ajinka, Malam, akwai wani dandali na kyauta mai suna SubMachine da masana a Jami'ar Oxford suka kafa, inda mutum zai zaɓi wurare biyu ya ga yankan duniya a tsakaninsu cikin taswirori da dama. Ka sa yaron ya yanka daga kudancin Indiya zuwa Tibet, ya canza taswira sau uku ko huɗu, ya ga shuɗin da ke dawowa kowane lokaci. Sannan ya yanka daga Legas ta Bauchi zuwa tafkin Cadi, ya sake canzawa, ya ƙirga wuraren da taswirorin suka saɓa wa juna. In makaranta za ta iya ɗaukar nauyin mota, ku rubuta wa cibiyar Toro takardar neman izinin ziyara, ku roƙa a nuna wa yara rubutun wata girgiza mai nisa, su nemo isowar P da ta S da kansu su auna tazarar da ke tsakani.